Yadda aka gano ciwon gaɓɓan maman yarana a Bukarest, da abin da gwajin HLA-B27 ya nuna

Salam 'yan uwa. Karatu ne ya kawo ni Romaniya, aure kuma ya zaunar da ni. Matata 'yar ƙasar ce, iyayenta suna wani ƙauye a gabas wajen Bakawu, mu kuma muna Bukarest da yaranmu biyu, mace da namiji. Ina son in ba da labarin yadda muka bi layin likitoci har aka gano abin da ke damunta, musamman ɓangaren gwajin gado da ake kira HLA-B27, don shi ne ya fi tayar min da hankali kuma shi ne mutane suka fi fahimta a baibai.

Abun ya fara ne da diddige. Da safe in ta sauko daga gado sai ta kasa taka ƙasa, ta dinga dafa bango har banɗaki, sai ta yi kusan awa tana motsi sannan jikin ya saki. Ga ciwon ƙugu da ke tashinta cikin dare, irin wanda kwanciya ke ƙara shi, in ta tashi ta zagaya falo sai ya lafa. Mun ɗauka gajiya ce da ɗaukar yaro. Sai wata safiya yatsan ƙafarta na biyu ya kumbura gaba ɗayansa, tun daga tushe har farce, ya yi jajir yana sheƙi, ko takalmi ba ya shiga, kuma wallahi ba ta buge ko'ina ba.

A nan ƙasar in kana son inshorar gwamnati ta ɗauki nauyi ba ka tafiya wajen ƙwararren likita kai tsaye, sai ka fara da likitan iyali da ka yi rajista wajensa, shi zai ba ka takardar turawa da suke kira bilet de trimitere, ka haɗa da katin lafiyarka na CNAS, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasar. Likitar iyalinmu ta fara zargin gawut ne saboda yatsan, wato kumburin gaɓa da taruwar sinadarin yurik asid ke kawowa, ta sa aka auna yurik asid, ya fito daidai. Amma gwajin kumburin jini guda biyu, CRP da wanda su ke kira VSH, duk sun hau. Nan take ta rubuta mana takarda zuwa rumatoloji. Kuma a lura, likitan rumatoloji daban yake da likitan ƙashi mai ɗori da tiyata, shi aikinsa ciwukan gaɓɓai da garkuwar jiki ke haddasawa.

Ganin farko da likitar gaɓɓan ya ba ni mamaki, don yatsan da ya kawo mu kallo ɗaya ta yi masa. Sai ta ce madam ta kwance gashinta. Ta dinga buɗa gashin tana duba fatar kai, ta leƙa bayan kunne, ta ce ta ɗaga riga ta ga cibiya, ta duba gwiwar hannu, sannan ta kama hannayenta ta kai kusa da fitila tana bin farce ɗaya bayan ɗaya. A ƙeya, daidai inda gashi ya ƙare, akwai wani tabo ja mai farin ɓawo da matata ta shekara goma tana ce masa amosanin kai tana canza shamfu. A farce uku kuma akwai ƙananan ramuka ɗigo-ɗigo, ɗaya ya fara ɗagowa daga nama ta gefe, kullum tana rufe su da jan farce shi ya sa ni kaina ban taɓa lura ba. Likitar ta danna bayan diddige inda jijiya ta kama ƙashi, madam ta zabura. Sai ta tambaya, a danginku wa ke da soriyasis, wato ciwon fata mai fito da tabo mai ɓawo?

Matata ta ce ba kowa. Likitar ta ce kira mamanki yanzu. Aka kira surukata a waya, ana gaisawa ta ce ai babanki yana da shi a gwiwa da gwiwar hannu tun yana soja, shi ya sa ko da zafi ba ya sa riga mai gajeren hannu, kuma kakanki na wajen uba bayansa ya sandare tun bai tsufa ba, ba ya iya waiwaye sai ya juyo da jikinsa duka. Su a ƙauye ana cewa aikin gona ne da sanyi. Matata ta yi shiru, don ita ta san babanta na shafa wani man shafawa amma ba a taɓa kiran sunan ciwon a gidan ba, abun kunya suka ɗauke shi. Wannan ya ba ni haushi gaskiya, saboda soriyasis ba ya yaɗuwa, ba a ɗaukarsa ta taɓawa ko tawul ko kwanciya, kuma da an faɗa mata tun farko da ba ta shekara goma tana yaƙi da amosanin da ba shi ba ne.

Likitar ta nuna mana yadda ake lissafin. Akwai ma'auni da ake kira CASPAR, an fitar da shi a 2006, in mutum na da kumburi a gaɓa ko ƙashin baya ko makamar jijiya, sai a nemi maki 3. Soriyasis da ake gani a jiki yanzu maki 2 ne, in babu shi a jiki amma an taɓa yi ko akwai a dangi na kusa maki 1, lalacewar farce 1, kumburin yatsa gaba ɗaya 1, gwajin jini na rumatoyid fakto, wanda ake nema a wani nau'in amosanin gaɓɓai daban, ya fito babu 1, sai sabon ƙashi da ya tsiro gefen gaɓa a hoto 1. Madam ta riga ta tara 4 tun kafin a ɗebi jini, da rumatoyid fakto ya dawo babu ya zama 5. Ku duba jerin nan da kyau, babu gwajin ƙwayar gado a ciki ko ɗaya. Da ido da hannu da tambaya aka gano ciwon, sunansa amosanin gaɓɓai na soriyasis, su suna cewa artrită psoriazică.

Toh me ya kawo HLA-B27? Ciwon ƙugun nan ne da labarin kakan. Likitar ta ce tana son ta san ko abun ya taɓa gaɓar da ta haɗa ƙashin baya da ƙugu, sai ta rubuta hoton MRI, su RMN suke ce masa, da sikanin na diddige da yatsa, ta ƙara da HLA-B27. Wannan ɗin a lab mai zaman kansa muka yi muka biya da aljihunmu. Ba wani abun wahala ba ne, jini ne kwalba ɗaya daga hannu, ba sai an yi azumi ba, kuma sau ɗaya ake yi a rayuwa tunda ba ya canzawa. Sakamakon ta imel ya zo, layi ɗaya, pozitiv.

Daren nan ban yi barci ba. Ni ɗan Arewa ne, na tashi da lissafin sikila a kai, AA da AS da SS, in AS ya auri AS kowane ciki kashi ɗaya cikin huɗu ne, in yaro ya zo SS to ciwon ya tabbata ba makawa. Da wannan lissafin na karanta takardar, na dinga kallon yaran suna barci ina cewa shikenan ɗaya daga cikinsu ya ɗauka. Da muka koma na tambayi likitar kai tsaye, doamna doctor, wato uwargida likita, yaushe za mu kawo yaran a gwada su? Ta ajiye biro ta ce kar mu kawo su.

Bayanin da ta yi da wanda na bi na karanta daga baya shi ne wannan. HLA wasu sunadarai ne da ke saman ƙwayoyin jikinmu, aikinsu su ɗauko ɗan gutsuren abin da ke cikin ƙwayar su nuna wa sojojin jini, su kuma su tantance ko na jiki ne ko baƙo ne. Ƙwayoyin gadon da ke ƙera su suna kan kuromozom na 6, kowa na da su, nau'insu ne ya bambanta daga mutum zuwa mutum, B27 kuwa nau'i ɗaya ne cikin masu ɗimbin yawa. A cikin Turawa kusan mutum 8 cikin 100 na ɗauke da shi, kuma mafi yawansu za su rayu su mutu gaɓarsu ba ta taɓa kumbura ba. An gano alaƙarsa da ciwon sandarewar ƙashin baya tun 1973, a wancan ciwon kusan 9 cikin 10 na Turawan da ke fama da shi suna da B27. Amma a ciwon matata ba haka ba ne, mafi yawan masu amosanin gaɓɓai na soriyasis ba su ma da B27 ɗin. Inda yake da amfani shi ne yana nuna kalar da ciwon zai iya ɗauka, masu shi sun fi samun taɓuwar ƙashin baya da ƙugu, da kumburin yatsa, da ciwon makamar jijiya, da kumburin cikin ido, kuma tazarar da ke tsakanin fitowar na fata da na gaɓa ta fi gajarta a wajensu.

Shi kuma na fatar wani ne daban ya fi ƙarfi a kansa, HLA-C*06, wasu na rubuta shi Cw6. Shi aka fi dangantawa da soriyasis mai fitowa da wuri kafin shekara 40, irin na surukina kenan. Akwai kuma B38 da B39 da B08 da suka fi jingina da ɓangaren gaɓa. Bayan HLA akwai wasu da yawa, IL23R, IL12B, TNFAIP3, TRAF3IP2, ERAP1, kowanne na ƙara ɗan kaɗan. Wato ba ƙwaya ɗaya ce ke yanke hukunci ba kaman a sikila, taron dangi ne, kuma ko sun taru sai an samu abin da ya tayar da su, irin su ciwon maƙogwaro na bakteriya, rauni ko buguwa, ƙiba, damuwa mai tsanani, ga taba da ke tsananta na fata. Ko tagwaye masu kama ɗaya sak, sau da yawa ɗaya na da soriyasis ɗayan ba shi da shi.

Abin da ya burge ni shi ne 'yan Romaniya ba su tsaya ga abin da aka gano a Ingila da Kanada ba, sun duba nasu mutanen. Masu bincike a jami'ar likitanci ta Carol Davila da ke nan Bukarest sun fitar da jerin bincike tsakanin 2011 da 2016, suna ɗibar jinin masu wannan ciwon 'yan ƙasar suna kwatantawa da na masu lafiya. Sun duba HLA-C, sun duba ƙwayar TNF, sun duba IL23A inda suka tabbatar cewa alaƙar da aka gani a wasu ƙasashe tana nan a 'yan Romaniya ma, sannan suka duba ERAP1 da ERAP2. Wannan ERAP ɗin na fahimce shi da kyau, shi ne ke datsa gutsuren nan zuwa tsawon da zai zauna a kan HLA kafin a nuna wa sojojin jini, toh in datsawar ta ɗan bambanta abin da ake nunawa ma zai bambanta. Mutanen da aka yi binciken da su ba su kai yawan na manyan binciken ƙasashen yamma ba, don haka ba abu ba ne da za a ɗauka a yi wa mutum ɗaya hasashe da shi. Amma a ganina aikin na da muhimmanci sosai, saboda yawan waɗannan nau'o'in ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma, abin da ke da ƙarfi a Ayaland ba lallai ya zama haka a gabashin Turai ba. Kuma TNF da IL-23 ɗin nan, sinadaran da ke hura kumburi a jiki, su ne dai alluran zamani ke toshewa, kenan binciken gadon ya fi amfani wajen gane hanyar ciwon da samar da magani fiye da tsoratar da iyaye.

Da na ga maganar bambancin al'umma sai na nemi namu. B27 kusan babu shi a yawancin mutanen Afirka ta Yamma, soriyasis ɗin ma ya fi ƙaranci a wajenmu in an kwatanta da Turai. Amma akwai wani bincike da aka yi a Gambiya a shekarun 1990 wanda ya tsaya min a rai, an samu kusan 6 cikin 100 na Fulanin da aka gwada suna ɗauke da B27, aka bincike su ba a samu mai sandarewar ƙashin baya ba. Ga ƙwayar, babu ciwon. Wannan ya kwantar min da hankali fiye da duk lallashin da aka yi min.

Ba wai ina cewa babu gado a ciki ba fa, akwai shi da ƙarfi ma. Wannan ciwon na cikin masu bin dangi sosai, bincike a Kanada da Aisland ya nuna ɗan uwa na jini na kusa haɗarinsa ya ninka na sauran mutane sau talatin ko fiye, ga shi kuma mun gani da idonmu, kaka, uba, 'ya. Kowane ɗa namu yana da rabi da rabi na gadon B27 daga mamansa. Abin da likitar ke nufi shi ne, in an gwada yarinyar ya fito akwai, ba maganin da za a ba ta don rigakafi, kawai za ta tashi da tsoro ne kuma mai yiwuwa ba abin da zai taɓa samunta. In ya fito babu, hakan bai wanke ta daga soriyasis ba, don hanyar Cw6 da sauran suna nan. Gwajin da ko ta ina ya faɗi ba zai canza abin da za ka yi ba, meye amfaninsa ga yaro mai lafiya? Ta ce abin da za mu sa wa ido shi ne fata da farce da tafiya, in yaro ya fara ɗingishi da safe ko gwiwa ta kumbura ba tare da faɗuwa ba a kawo shi. Ta ƙara min wani abu da ya shafe mu musamman, a fata mai duhu soriyasis ba ja yake fitowa ba, yakan yi duhu-duhu ko ruwan toka ko shuɗi-shuɗi, sai a ɗauke shi makero ko ƙyasbi a yi ta shafa maganin da ba nasa ba. Yaranmu sun ɗauko hasken mamansu kaɗan ne, don haka wannan na riƙe shi.

Hoton MRI ya nuna kumburi a gaɓar ƙugu ta gefe ɗaya, sikanin kuma ya nuna makamar jijiyar diddige ta yi kauri. Aka fara da maganin kashe kumburi da metotreksat. Shi wannan sau ɗaya ake sha a sati, rana ɗaya tsayayya, ba kullum ba, likitar ta maimaita wannan har ta sa madam ta rubuta ranar a jikin kwalin, don masu kuskuren shan sa kullum na shiga haɗari babba. Ana haɗa shi da folik asid a wata rana daban, ana duba hanta da jini lokaci-lokaci, ba a haɗa shi da giya, kuma sam ba a ɗaukar ciki a kansa don yana lalata ɗan tayi, sai da ta tambaye mu ƙarara ko muna shirin ƙarin haihuwa kafin ta rubuta. Fatar kai ta washe, yatsan ya saɓe, amma ƙugun yana nan, kuma dama an faɗa mana metotreksat ba ya wani aiki a kan ƙashin baya. An gwada ƙara wani maganin, nan ma dai ƙugun bai bari ta yi barci ba.

Daga nan aka shiga maganar allurar bayolojik, wato alluran zamanin nan da na ambata. Tana da tsada sosai, inshorar gwamnati na biya amma sai likita ya haɗa fayil ya nuna an gwada magungunan farko ba su wadatar ba, a shigar da bayanan cikin rajistar masu ciwukan gaɓɓai ta ƙasa, RRBR. Kafin allurar farko dole a yi hoton ƙirji da gwajin jini na tarin fuka da ke kwance a jiki, da ciwon hanta B da C. Maganar tibi ba wasa suke da ita ba a nan, Romaniya ce ta fi kowace ƙasa a Tarayyar Turai yawan masu tarin fuka, kuma allurar da ke toshe TNF na iya tayar da wanda ya kwanta shekaru. Na madam ya fito lafiya lau alhamdulillah. Allurar a firji take zama, duk sati biyu take yi wa kanta a cinya, takan fito da ita ta ɗan huce tukunna don in da sanyinta tana zafi. Surukata ta so a kai ta wankan laka a Tekirgiyol, wajen Bahar Aswad, don su sun yarda da shi sosai, likitar ta ce ba laifi in kumburi ya lafa amma ba zai maye gurbin magani ba, kuma ba a zuwa ana cikin zafin ciwo.

Abu ɗaya da aka ja mana kunne a kai saboda B27 ɗin shi ne ido. In ido ɗaya ya yi ja yana ciwo, haske na damunsa, gani ya yi hazo, ba a jira gobe ba a sayi ɗigo a kemis ba, asibitin ido za a nufa a ranar kuma a faɗa musu tana da B27. A wajena wannan ne amfanin gwajin na zahiri, shi da taimaka wa likita ta ɗauki ciwon ƙugun da muhimmanci tun da wuri.

Yanzu madam tana sauka daga gado ta taka ƙasa ba dafa bango, ta koma aiki, tana zuwa ninƙaya don motsa ƙugun, tana kuma ƙoƙarin rage nauyi tunda an ce ƙiba na rage ƙarfin maganin. Farcen ne ya fi jinkirin gyaruwa. Cikin masu soriyasis har kusan 3 cikin 10 na iya samun na gaɓa, yawanci shekaru bayan na fata, kuma gaɓar da ta riga ta cinye ba ta dawowa, shi ya sa muka matsa wa ƙaninta, shi ma yana da tabon a ƙeya kuma ya daɗe yana cewa diddigensa na ciwo saboda tsayuwa a wajen aiki. Ya so ya je lab ya yi B27 kawai ya ga ko yana da shi, na ce masa bari wannan, ka je wajen likitan iyalinka ka faɗa masa labarin babanku da kakanku da yayarka, ka cire safa ya ga farcenka. Ya je, an ba shi takardar turawa rumatoloji, layinsa wata mai zuwa ne.